Yadda Ake Buga Hoton Tsuntsu da Fure da Allon Katako Irin na Japan

Tambayoyi biyu ne masu karatu suka fi aiko mini a kan hotunan tsuntsaye da furanni na Japan, waɗanda ake kira kacho-ga. Ta farko, yaya ake yin su tunda ba buroshi aka goga a takarda ba? Ta biyu, me ya sa tsuntsu kaza kusan kullum yana tare da fure kaza? Zan amsa su tare, domin a wajen aiki ba sa rabuwa. Tsuntsun da ka zaɓa da furen da ka haɗa shi da shi su ne za su faɗa maka allo nawa za ka sassaƙa, launi nawa za ka dama, da inda za ka bar takarda fara.

A zamanin Hokusai da Hiroshige, shahararrun masu zanen Japan na da, mutum huɗu ne ke raba aikin: mai zane, masassaƙi, mai bugu, da mai shagon da ke zuba kuɗi ya sayar. Kai kuwa kai kaɗai ne, don haka kada ka ɗauko da girma. Misalin da za mu bi shi ne gwara a kan reshen gora, a takarda mai faɗin santimita 10 da tsawon 15, da allo huɗu.

1. Zaɓi tsuntsu da furensa tun kafin ka taɓa wuƙa

Hoton kacho-ga yana faɗar lokacin shekara, yana kuma ɗauke da fatan alheri ga wanda aka ba. Shekarar Japan kashi huɗu ce: lokacin toho daga Maris zuwa Mayu, lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta, kaka daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu mai dusar ƙanƙara daga Disamba zuwa Fabrairu. Kowane tsuntsu da kowane fure yana da gurbinsa a ciki, kuma mai kallo ɗan ƙasar yana gane gurbin da kallo ɗaya.

Furen ume shi ne ke fara buɗewa, tun a Fabrairu sanyi bai gama tafiya ba, shi ya sa yake nufin juriya da sabon farawa. Abokinsa uguisu ne, ɗan tsuntsun da kukansa ke sanar da shigowar lokacin toho. Bayansu sai tsattsewa tana ratsa rassan itacen yanagi masu lanƙwasowa ƙasa, sai furen sakura, wadda ba ta wuce mako ɗaya ko biyu take zubewa, don haka take tuna wa mutane cewa kyau ba ya daɗewa. Wajen 1834 Hokusai ya ɗora wani ɗan tsuntsu mai suna uso a reshen sakura, kansa a ƙasa, bayansu shuɗi ne mai duhu. Furen botan, mai ganye cunkus, shi ake kira sarkin furanni, kuma idan aka haɗa shi da ɗawisu ana nufin arziki da muƙami.

Da zafi ya fara shigowa sai tsuntsun hototogisu ya iso. Galibi a guje ake zana shi, yana keta wata ko ruwan sama, baki buɗe, domin kukansa ake so a ji a cikin hoton, kukan da mawaƙan Japan suka daɗe suna dangantawa da bege. Farin zalɓe a cikin bado shi ma na lokacin zafi ne. Kaka kuwa ta dinyoyin daji ce, suna saukowa a gaban cikakken wata bisa karan bakin ruwa. Daga arewa suke zuwa su yi hunturu a Japan, kuma akwai tsohon labari daga Sin da ya mai da su masu kawo saƙon wanda ya yi nisa. A kakar ne kuma ake zana salwa a ƙarƙashin zangarniyar awa, wani ɗan'uwan gero mai ƙananan tsaba, alamar an samu amfanin gona. Hunturu na agwagin oshidori ne, namiji da mace a ruwa mai sanyi, alamar aure mai ɗorewa. Tsuru, wani babban tsuntsu dangin gauraka, da itacen matsu, wanda ganyensa ba ya bushewa, na sabuwar shekara ne da bikin aure, domin Japanawa suna cewa tsuru shekara dubu yake yi.

Gwara da gora na zaɓar maka saboda dalili uku. Ka san su da idonka, launinsu kaɗan ne, kuma ma'anarsu ba ta da tarko: gora tana lanƙwasa a iska ko ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba ta karye ba, gwara kuma tsuntsuwar gida ce mai yawan zuriya. Ana ba kowa wannan hoton a kowane lokaci.

Gargaɗi: kurakurai mafi yawa a nan ake yin su, kuma babu wuƙar da ke gyara su daga baya. Uguisu launin ƙasa-ƙasa ne mai ɗan duhu. Tsuntsun nan kore shar mai farin zobe a ido da ake yawan gani a reshen ume sunansa mejiro, kada ka zana shi ka ce uguisu ne. Tsuru ba gaurakar da muka sani ba ce mai tukku ruwan zinariya: fari ne, wuyansa baƙi, tsakar kansa ja, kuma baƙin gashin da ke kama da wutsiya na fiffike ne, ainihin wutsiyar fara ce. Idan kyautar aure za ka yi da oshidori, zana su biyu, kada ka bar ɗaya shi kaɗai. Furen tsubaki yana faɗuwa ne dungurungum da kansa, shi ya sa ba a kai wa majinyaci shi. Farin kiku kuma a Japan ta yau furen jana'iza ne da ziyarar kabari, duk da cewa kiku shi ne tambarin gidan sarautar ƙasar.

Kafin ka zana naka, ka kalli na magabata da yawa. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya sa hotunan Hiroshige da Hokusai a intanet kyauta, Rijksmuseum na Amsterdam kuma yana da tarin ayyukan Ohara Koson, wanda ya rasu a 1945, kuma a ganina babu wanda ya fi shi iya gashin tsuntsu. Wanda ba ya zana abu mai rai saboda addini, hanyar ba ta rufe masa ba. Akwai hotunan Hokusai da fure ne kaɗai a ciki, kuma gora ita kaɗai tana ɗaukar hoto. Duk matakan da ke ƙasa ɗaya ne.

2. Tara kayan aiki

Katako: masu sana'ar gargajiya da katakon yamazakura suke aiki, mai tauri da tsada. Mai koyo ya nemi filawud ɗin shina, wanda ake sayarwa a yanke, ƙaramin allo daloli kaɗan ne. Ana sassaƙa fuska biyun, don haka allo biyu sun ishe ka fuska huɗu. Girman kowanne ya kai santimita 15 da 22 ko sama. Idan a wajen kafinta za ka nema, ka zaɓi katako busasshe mai laushin jiki wanda ba ya tsagewa zare-zare, ka goge shi da samfefa mai laushi har ya yi sumul. Filawud ɗin gini ba ya yi, fatarsa ɓarewa take yi idan ta sha ruwa.

Wuƙaƙe: hangito, mai baki a karkace, ita ce ta yanka layi. Sai mai baki kamar U, babba da ƙarama, don kwashe fili, sai aisuki mai baki shimfiɗaɗɗe don share tsakanin layuka, da cizal miƙaƙƙe mai faɗin kamar milimita 15. Saitin ɗalibai na wuƙa biyar yakan kama daga dala 30 zuwa 60. Ka haɗa da dutsen wasa mai laushi.

Baren: faifai ne da ake murza bayan takarda da shi, shi ne a madadin injin bugu. Na gaske, wanda aka tufka da zaren ɓawon gora aka naɗe da wani ɓawon, kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, wani har ya haura dubu. Ba ka buƙatarsa yanzu. Na roba bai kai dala 20 ba, kuma zai kai ka shekara.

Buroshi: marubake, mai gashin doki, ɗaya ga kowane launi. Ƙaramin buroshin takalmi mai gashin doki, sabo, yana maye gurbinsa. Sai ɗan buroshin ɗebo launi da wani mai faɗi na jiƙa takarda.

Launi da takarda: fentin ruwa na masu zane, wanda ke zuwa a ƴar tuba, da baƙar tawadar sumi. Takarda ita ce washi, wato takardar Japan ta zaren ɓawon itacen kozo. Mafi daraja ita ce hosho ta Echizen, amma ta inji irin wadda kamfanin Awagami ke yi ta wadatar, kuma shagon Woodlike Matsumura na Tokyo yana sayar da kusan duk abin da na lissafa. Sauran ƙananan kaya suna gida: garin shinkafa, tsofaffin jaridu, leda babba, kwalbar feshi, tsumma, rula, fensir, takarda shara-shara.

Shawarata a kan kuɗi: ka kashe a wuƙa da takarda, ka yi tattali a baren da buroshi. Sau da yawa kuɗin aiko kaya daga waje ya fi kuɗin kayan, don haka ku haɗu ku biyu ko uku ku yi oda ɗaya.

Gargaɗi: kada ka sayi tawadar bugu mai mai, ba ta wannan aikin ba ce. Kuma ka tabbata takardar an shafa mata dosa, wato ruwan gam ɗin fata da alif. Wadda ba a shafa wa ba launi zai bazu a jikinta, zarenta kuma ya manne a allo.

3. Zana, sannan ka raba launuka

Ja akwatin hoton a takarda, ka bar gefe fari na santimita ɗaya da rabi. Gorar ta shigo daga kusurwa ɗaya a karkace, ta fita ta wani gefen, kada ka nuna ta duka. Gwarar kada ta zauna a tsakiya. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na filin babu komai. Hiroshige yakan sa gajeriyar waƙa a irin wannan fili, kuma ko babu rubutu, nan ne iska da sanyi suke zama a hoton. Masu koyo suna tsoron fili su cika shi da ganye, sai hoton ya shaƙe.

Gwarar Japan kanta ja-ja ne mai duhu, kumatunta fari da ɗigon baƙi, maƙogwaronta baƙi. Allo na farko na baƙin layi ne: ido, baki, ƙafa, zanen fiffike, gaɓoɓin gora. Na biyu launin ƙasa na kai da baya. Na uku kore na gora. Na huɗu shuɗi mai haske ko toka-toka na sama. Farin kumatu da ciki ba launi ba ne, takardar ce za ka bari.

Kula: kada layinka ya fi milimita ɗaya siranta a aikin farko. Siririn layi a shina karyewa yake yi.

4. Ɗora zanen a allo, ka yanka kento

Kwafe layukan a takarda shara-shara, tare da alamar kusurwar takardar bugu da alamar gefenta. Shafa kunun shinkafa kaɗan a allo (yadda ake dama shi yana mataki na 7), ka kifa zanen, fuskarsa tana kallon katako, ka danna daga tsakiya zuwa gefe. In ya bushe kuma layin bai fito sosai ba, ɗigon man girki a yatsa zai bayyana shi. Kifawar nan ita ce ke sa hoton ya fito daidai a bugu. Wanda ya manta ya manna shi a miƙe, gwararsa za ta juya baya, rubutu kuma ya fito a birkice.

Kento ƴan matakai biyu ne da ake yankawa a jikin allon, inda takarda za ta riƙa zama. Kwantar da allon, dogon gefensa yana fuskantarka. A kusurwar dama ta ƙasa ka yanka mai siffar L, sunansa kagi. A dogon gefen nan na ƙasa, kamar kashi biyu cikin uku na tsawon takarda zuwa hagu, ka yanka miƙaƙƙe, sunansa hikitsuke. Tsayar da cizal a miƙe a kan layi ka danna, sannan ka fere katakon daga ɓangaren da takarda za ta kwanta, har ya zama ɗan tudu da bakin takarda zai tokara. Zurfinsa kada ya wuce kaurin takarda biyu ko uku.

Na daɗe a nan da gangan. Launi huɗu za su sauka a takarda ɗaya a lokuta huɗu daban, kuma babu abin da ke haɗa su sai waɗannan ƴan yanka biyu. Kuskuren rabin milimita a kento zai sa jan kan gwara ya zamo ya rufe mata ido a kowane kwafi.

Gargaɗi: kento mai zurfi da yawa yana lanƙwasa bakin takarda. Ita ma takardar bugu dole kusurwarta ɗaya ta zama daidai cif, ka yanke ta da rula da reza, ka yi mata alamar fensir a baya.

5. Sassaƙa allon layi

Shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin allo don kada ya zame. Riƙe hangito a dunƙulen hannu a tsaye, babban yatsa a kan ƙota, yatsan ɗaya hannun yana tallafar bakin. Ja ta zuwa gare ka a gefen layi, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, ka ɗan kwantar da ita yadda yankan zai gangara waje. Layin da ka bari ya zama kamar kunyar gona, gindinsa ya fi kansa faɗi. Sai ka yi yanka na biyu a ɗan nesa, a karkace, ka cire tsinken katakon da ke tsakani. Allon za ka riƙa juyawa a wajen lanƙwasa, ba wuyan hannunka ba.

Fara da gora ka saba hannu, ka bar kan gwara sai ƙarshe. Ido shi ne ran hoton, ka yanka shi da safe da wuƙar da ka wasa yanzu.

Bayan layuka sun tsaya, kwashe fili da wuƙa mai U, faɗin yatsa uku kewaye da duk abin da zai ɗauki launi. Kusa da layi ka yi amfani da aisuki. Ba sai ka kwashe allon duka ba. Abin da ya yi nisa ka bar shi ya tallafi takarda, ka dai fere bakinsa don kada ya yi mata shaida. Daga nan ka wanke ragowar takardar da ruwa kaɗan.

Gargaɗi: wuƙa mai U turawa ake yi gaba, don haka hannun hagu kullum yana bayan bakinta. Yawancin raunuka a nan suke faruwa, kuma dakusasshiyar wuƙa ce ke jawo su, domin ita ake dannawa da ƙarfi har ta kuɓuce. Kada kuma ka yanka ta ƙarƙashin layi, ruwa na taɓa shi zai ɓalle.

6. Fitar da allunan launi daga allon layi

Kada ka sake kwafe zanen da hannu. Buga allon layin da baƙi a takarda shara-shara guda uku, ka tabbata alamar kento ta fito a kowace. A ta farko ka cike wurin launin ƙasa da jan biro, a ta biyu wurin kore, a ta uku sama. Kifa kowace a fuskar allonta, ka yanka kento a daidai inda alamar ta nuna, sannan ka sassaƙa. Bari kowane launi ya shiga ƙarƙashin baƙin layi da kamar rabin kaurinsa, don kada farin tsagi ya bayyana a tsakani.

Kula: kunu mai ruwa da yawa yana miƙar da siririyar takarda, zanen ya ƙaru. Shafa kaɗan, ka manna da sauri, kada ka ja. Idan za ka sassaƙa bayan allon da ka riga ka gama, sa tsumma mai kauri a ƙasa.

7. Dama nori, ka jiƙa takarda

Nori shi ne kunun shinkafar da ke sa launi ya kwanta sumul. Cokali ɗaya na garin shinkafa mai laushi, cokali takwas na ruwa, a wuta kaɗan, kana juyawa har farinsa ya washe. Tace da ƙyalle, ka bari ya huce. Ya riƙa zuba daga cokali a hankali. A lokacin zafi kwana biyu yake yi ya yi tsami, don haka dama kaɗan.

Takarda tun daren jiya ake jiƙa ta. Shafa wa jaridu ruwa da buroshi mai faɗi har su yi laushi ba tare da suna ɗiga ba. Jera takardun bugu a tsakaninsu bibbiyu, ka sa duka a leda, ka ɗora allo a kai. Da safe takardar ta yi sanyi in ka taɓa ta da bayan hannu, ta yi laushi, amma babu sheƙin ruwa a fuskarta. Yanka ashirin: goma na gwaji a takarda mai araha, goma na gaske.

Gargaɗi: wannan sana'a a ƙasa mai laima ta girma. A hunturunmu iska tana busar da allo da takarda kafin ka juya, don haka rufe taga, kashe fanka, ka yayyafa ruwa a ɗakin, kuma kada ka bar bakin ledar a buɗe. Da damina kuwa fumfuna ce abokiyar gaba. Idan aikin zai wuce kwana biyu, sa ledar a firij, ka fito da ita awa ɗaya kafin ka ci gaba.

8. Bugu

Jera kayanka: allo a gabanka, ledar takarda a gaba da shi, launi da nori da buroshi a dama. Fesa wa allon ruwa, ka ba shi minti biyar ya sha, ka share abin da ya kwanta.

Ɗiga launi a wuri biyu ko uku a kan allon, ka ɗiga nori kamar ƙwayar wake. Murza da marubake a zagaye har su haɗu su rufe ko'ina, sannan ka gama da shafa mai sauƙi ta fuska ɗaya don share sawun gashi. Allon ya yi ɗan sheƙi, kada ya yi tafki. Ɗauko takarda tsakanin manuniya da ɗan tsakiya na kowane hannu, ka sa kusurwarta a kagi ka danne da babban yatsan dama, ka tokara gefenta a hikitsuke da na hagu, sannan ka sake ta ta kwanta da kanta. Ɗora wata takarda mai santsi a bayanta. Fara da murza mai sauƙi don ta kama, sannan ka bi da baren gefe zuwa gefe, ƙarfin yana fitowa daga kafaɗa ta tudun tafin hannu. Ɗaga ta a hankali, ka mayar cikin leda nan take.

Fara da allon layi a dukan takardun, sannan launuka, mai haske kafin mai duhu. Ana gama launi ɗaya a kan duka kafin a koma na gaba. Kwafi uku ko huɗu na farko kullum ba sa kyau, domin katakon bai ƙoshi ba tukuna. Da takardun gwaji za ka fara.

Ga yadda za ka karanta abin da ya fito. Idan launi ya yi ɗigo-ɗigon fari, nori ya yi kaɗan, ko takarda ta bushe, ko hannunka bai danna ba. Japanawa suna kiran wannan gomazuri, kuma wani lokaci da gangan suke yin sa, yana kyau a sararin hunturu. Idan launi ya taru a bakin siffa ya yi kauri, nori ko ruwa ya yi yawa. Idan tabo ya fito inda ya kamata ya zama fari, takarda ta taɓa kwarin da ka kwashe, sai ka ƙara masa zurfi ka goge shi da tsumma. Idan launi ya kauce gefe ɗaya a kowane kwafi, kento ne: fere shi kaɗan, ko ka manna masa siririn tsinken kati. Idan kuwa kaucewar tana canzawa daga kwafi zuwa kwafi, laimar takardunka ce ba ɗaya ba.

Launin da ya fito da rauni kada ka ƙara masa kauri. Sake buga shi sau biyu a allo ɗaya, kento zai mayar da takardar inda take.

9. Bokashi da karazuri

Bokashi shi ne launin da ke farawa da ƙarfi ya narke a hankali har ya ɓace, kuma shi ne ke faɗar lokaci a hoton: shuɗi a sama alamar safiya mai sanyi, ja-ja a ƙasa alamar almuru. A allo na huɗu za ka yi shi. Naɗe jiƙaƙƙen tsumma a ɗan guntun katako, ka shafa ruwa a ɓangaren da kake so launin ya ɓace. Sa launi a bakin sama kaɗai, nori kaɗan a tsakiya. Ja buroshi dama da hagu a kan layi ɗaya, kana ɗan saukowa kaɗan.

Gargaɗi: yi wa kan buroshin alama, domin gefen da ya ɗauki launi dole ya zauna a sama kullum. Juya shi sau ɗaya ya ɓata allon, sai ka wanke ka sake.

Karazuri bugu ne babu launi. Idan kana son farin gashin cikin gwara ko dusar ƙanƙara a ganyen gora, sassaƙa ƴan siraran layuka a wani guntun allo mai kento, ka ɗora takarda mai laima, ka danna da ƙarfi. Sawun zai fito a jikin takardar, ana ganinsa idan haske ya zo ta gefe. Shi ake yi a ƙarshe, in ba haka ba sauran bugun zai shafe shi.

10. Busarwa da ajiya

Jera hotunan tsakanin kwalaye masu tsabta marasa rubutu, ɗaya-ɗaya, ka ɗora littattafai a kai. Canza kwalayen bayan awa ɗaya, ka bar su kwana biyu ko uku. Wanda aka yi wa karazuri nauyi kaɗan yake so. Kada ka shanya a rana ko a iska, takardar za ta kanannaɗe.

In sun bushe, zaɓi masu kyau ka sa hannu da fensir a ƙasa. Ƙaramin jan hatimi a gefen da babu komai yana daidaita nauyin hoton, kuma za ka iya sassaƙa shi a guntun shina, harafin a juye. A bayan takardar ka rubuta sunan tsuntsun da na tsiron da lokacin shekarar da suke nufi, domin wanda za ka ba a nan ba lallai ya san abin da gwara da gora ke faɗa ba.

Fentin ruwa yana kodewa a rana, musamman ja da rawaya, don haka kada a rataye hoton a bangon da hasken taga ke bugawa. Wanke buroshi da ruwa zalla ka rataye su gashi a ƙasa. Alluna kuwa ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma, su bushe a inuwa a tsaye, ka naɗe su da jarida ka ajiye a kan kanta nesa da ƙasa saboda gara. Da allunan nan huɗu za ka iya sake bugu a wani launin: sama mai toka-toka da karazuri ta ba ka hunturu, kore mai haske ba tare da dusar ƙanƙara ba ya ba ka lokacin toho.